Kwana 23 a ƙasar kaktus cikin motar tafi-da-gidanka

Lahadi, 7 ga Janairu, 2024

Mun iso Tuson, a jihar Arizona ta Amurka, da la'asar sakaliya bayan kwana uku a hanya daga Houston, tafiyar fiye da kilomita 1,700. Motar ta yi ƙoƙari. Tsawonta kusan mita 7, a ciki akwai gado, murhun gas mai kai biyu, ɗan firji, makewayi, da tankin ruwan sha na lita 100. A rufinta akwai farantan sola biyu. Mu biyu ne, ni da Hajiya.

Asalin aikin jikata ce ta jawo shi. Ta kawo mini littafin makarantarta mai hoton wani dogon tsiro mai ƙaya da hannuwa a sama, ta ce, "Kaka, yaya sunan wannan da Hausa?" Na ce mata tinya. Da dare abin ya tsaya mini a rai, don na san ban faɗi daidai ba. Na shekara 19 ina koyar da aikin gona a sakandare kafin mu taso ƙasar nan, na san tinya da ƙerana da aguwa danginsu ɗaya, masu farin ruwa kamar madara wanda ke ƙona fata, ya makantar idan ya shiga ido. Kaktus dangi ne daban, asalinsa nahiyar Amurka, kuma ƙayarsa daga wasu ƙananan kushin gashi take fitowa, abin da tinya ba ta da shi. Kamannin da ke tsakaninsu fari ne ya jawo, kowanne ya koyi ajiye ruwa a jikinsa a tasa nahiyar.

To, niyyata in ga iri 15 da idona a inda Allah ya tsirar da su, in ɗauki hotonsu, in rubuta bayaninsu da Hausa a ɗan littafi don yaranmu da aka haifa a nan. Sanya suna kuwa na bar wa Hajiya, ta fi ni ido a wannan fannin.

Mun sauka a sansanin Gilbert Ray, yamma da gari. Akwai wutar lantarki a kusan kowane masauki.

Talata, 9 ga Janairu

Sanyin jiya da dare ya wuce tsammani. Da asuba ruwan da na bari a buta a waje ya daskare. Na fita alwala na iske makwabcinmu, wani dattijo daga Minnesota, yana duba bututun ruwan motarsa da tocila. Shi ya nuna mini in cire tiyo daga famfo kafin in kwanta, in ba haka ba ƙanƙara za ta fasa shi.

Sanyin nan ma darasi ne a kan tsiron da na zo nema. Sawaro, wanda ake rubutawa saguaro, ba ya tsira a ko'ina a duniya sai a hamadar Sonora, wato kudancin Arizona, jihar Sonora ta Meziko, da ɗan gefen Kalifoniya. Abin da ya yi masa iyaka ta arewa shi ne sanyi. Jikinsa cike yake da ruwa, zai jure daskarewar dare ɗaya matuƙar rana ta fito ta ɗumama shi, amma idan ƙanƙara ta wuni ta kwana ba ta narke ba, naman cikinsa yakan lalace. Shi ya sa ba a cika ganinsa a tudun da ya haura mita 1,200 ba.

Yau na shiga gandun Saguaro, ɓangaren yamma. An fara kare ɓangaren gabas na gandun a 1933, aka ɗaga shi zuwa cikakken gandun ƙasa a 1994, kuma kashi biyu ne, garin Tuson na tsakiya. Na daɗe ina ganin hotonsa, amma tsayawa a gindinsa wani abu ne daban. Wanda na fara aunawa da ido ya kai tsawon bene mai hawa uku, da hannuwa bakwai. Babba irin wannan yakan haura mita 12, ya yi shekara 150 zuwa 200. Ba ya fara fitar da hannu sai ya kai shekara 50 zuwa 75, a wurare masu tsananin fari ma ya fi haka. Ɗan shekara 10 kuwa bai wuce tsawon babban yatsa ba. Na durƙusa ina neman irin waɗannan ƙananan, na kusa awa guda kafin in ga ɗaya, a ɓoye ƙarƙashin wata bishiya mai koren jiki da ake kira palo berde. Haka kusan dukkansu suke fara rayuwa, a inuwar wata bishiya da ke kare su daga rana da sanyi da kofaton dabba. Bayan shekaru sawaron ya girma, saiwarsa ta riƙa rigan bishiyar shan ruwa, sau da yawa har ta bushe ta bar shi tsaye shi kaɗai.

Hajiya ta dube shi ta ce, "Malam, ai wannan mai addu'a ne, ka ga hannuwansa." Na rubuta. Iri na ɗaya.

Alhamis, 11 ga Janairu

Mun wuni a gidan adana halittun hamada na Arizona-Sonora, wanda aka buɗe a 1952, tafiyar minti kaɗan daga masaukinmu. A nan na ga gawar sawaro da aka bari don a ga cikinta: haƙarƙari ne na itace dogaye, a jere kamar karan dawa da aka ɗaure. Fatar waje mai ninki ce, tana buɗewa tana tsukewa kamar zugazugin maƙeri. Idan an yi ruwa, saiwoyin da ke shimfiɗe dab da saman ƙasa, masu nisan da ya kai tsawon tsiron kansa, su tsotse shi da sauri, ninkin ya buɗe. Babba da ya ƙoshi da ruwa yakan kai tan biyu. Ƙofofin numfashin jikinsa kuma da dare yake buɗe su, da rana ya rufe don kada ruwa ya tsere. Na koyar da wannan a aji daga littafi shekaru da yawa, ban taɓa dafa tsiron da hannuna ba sai yanzu.

Ramukan da ke jikinsa aikin maƙwaƙwafi ne. Tsuntsun ya huda, tsiron ya warkar da ciwon da wani ɓawo mai tauri, ramin ya zama kamar gora. Idan maƙwaƙwafi ya tashi, wata 'yar mujiya da ba ta wuce girman gwara ba ta gaje ɗakin.

An ƙaru da iri huɗu: mai faffaɗan ganye kamar tafin hannu (Hajiya ta ce tafi-da-ƙaya), guntu mai ƙiba da ta kira randa, wani ƙarami mai ƙaya kamar ƙugiyar kamun kifi, da wani mai fitowa a dunƙule kamar bushiya.

Juma'a, 12 ga Janairu

Sallar Juma'a a masallacin da ke kusa da Jami'ar Arizona. Na cika tulun gas, Hajiya ta sayi nama da shinkafa. Ba a ɗauki hoto ba yau.

Asabar, 13 ga Janairu

Wannan rana ta canza mini tsarin littafin.

Na bi wasu masu aikin sa kai zuwa gangaren dutse don tuge ciyawa. Aka ba ni safar hannu da dogon ƙarfe na haƙa. Da na sunkuya na kama tushen farko na dubi kan ciyawar, sai gabana ya faɗi, don na san fuskar nan. 'Yar'uwar ƙarangiya ce ta jini, sunansu na kimiyya ɗaya a farko, Cenchrus, sai dai ita ba ta da ƙaya mai kama wando. Asalinta Afirka da yammacin Asiya. An kawo ta Arizona a shekarun 1930 don kiwon shanu da hana zaizayar ƙasa, daga baya aka shuka ta da yawa a Sonora ta Meziko. A wurinmu duk makiyayin da ya samu irinta zai gode wa Allah. A nan ita ce babbar barazana ga sawaro.

Dalilin shi ne wuta. A hamadar nan tsakanin tsiro da tsiro fili ne na tsakuwa, in tsawa ta kunna wuta ba ta samun abin ci, sai ta mutu a wurin. Saboda haka sawaro da palo berde ba su saba da gobara ba, ba su da wata kariya daga gare ta. Ciyawar nan sai ta zo ta cike filin, ta bushe, ta zama makamashi mai zafin da ya haura digiri 700. Wuta ɗaya ta kashe tsiron da ya shekara 150 yana girma. Ita kuwa ciyawar da ruwan farko ta sake tohowa daga tushe, ta fi da yawa, domin a ƙasarta ta asali da gobarar daji ta tashi. Ko ba wuta, tana shanye ruwan da jaririn sawaro ke jira.

Yankan ta ba ya amfani, sai an tono tushen gaba ɗaya, a danne tarin da duwatsu ko a zuba a buhu don kada iri ya watsu, kuma a dawo wurin shekara bayan shekara. Mun yi awa uku, mu kusan ashirin, abin da muka share bai kai filin ƙwallo ba. Da na ɗaga kai na ga gangaren da ke gaba duk ya yi ruwan ƙasa da ita.

Wata mata a cikinsu ta tambaye ni daga ina nake. Da na faɗa mata, na kuma ce mata ciyawar nan 'yar gidanmu ce, sai ta so ta san me ke hana ta mamaye daji a can. Na ce shanu da tumaki da awaki, da fari, da mutane masu yankan harawa. Mu ma kuma mun karɓi baƙo daga nan ɓangaren duniya: bishiyar meskit, 'yar'uwar ƙirya, wadda aka kai wani nau'inta Sahel don tare hamada, ga shi ta cinye filaye a gefen tafkin Chadi. Dole littafin ya samu babi a kan wannan, ko da ba kaktus ba ce.

Litinin, 15 ga Janairu

Mun bar Tuson ta hanya mai lamba 86, wadda ta ratsa ƙasar al'ummar Tohono O'odham. Ma'anar sunan mutanen hamada. Su ne suka fi kowa sanin sawaro. A ƙarshen Yuni, lokacin da zafi ya kai maƙura kuma 'ya'yan suka nuna suka yi ja, sukan fita da dogayen sanduna da aka haɗa daga haƙarƙarin mataccen sawaro su kaɗo su, su dafa su zama ruwan zaƙi mai kauri. Daga nan sabuwar shekararsu take farawa, da bikin roƙon ruwan damina. Kowane ɗaya daga 'ya'yan sawaron yana ɗauke da ƙwayar iri wajen 2,000.

Ba mu tsaya ɗaukar hoto a ƙasarsu ba, don ba mu nemi izini ba.

A wani ɗan ƙauye mai suna Why muka karya kudu, muka iso sansanin Twin Peaks a gandun Organ Pipe kafin magariba. Babu lantarki a nan, sola ce da batir. Iyakar Meziko ba ta fi kilomita 8 ba, da dare ana hango fitilun garin Sonoyta.

Na ga motoci da yawa an bar murfin injinsu a buɗe, wasu har da ƙananan fitilu a ƙasa. Wani ɓeran daji ne ake gudu, mai son shiga injin mai ɗumi ya yi sheƙa ya ci wayoyi. Na buɗe nawa ni ma.

Laraba, 17 ga Janairu

Hanyar dutsen Aho, zagayen kilomita 34 na burji da gargada. Ba a barin motar da ta wuce ƙafa 25, wato mita bakwai da rabi da ɗan ɗori, tamu ta shiga da ɗan rara. Kwanukan Hajiya sun sha kaɗawa, kofi ɗaya ya fashe.

An keɓe gandun nan a 1937 saboda tsiro ɗaya, organ pipe, wanda Turawa suka ga ya yi kama da bututun kayan kiɗan coci. Shi ba shi da gangar jiki ɗaya, rassa ne da yawa suke tashi tun daga ƙasa. Hajiya ta ce tsintsiya a kife, daga baya ta ce a'a, a rubuta 'yan-uwa-ɗaya. Ya fi sawaro tsoron sanyi, don haka a Amurka kusan nan kaɗai yake, kuma na lura ya fi yawa a gangaren da ke fuskantar kudu, inda dutse ke riƙe zafin rana har dare.

A nan coya ta kama ni. Tsiro ne gajere mai gaɓoɓi, daga nesa ƙayarsa tana sheƙi kamar gashi mai laushi. Na ja da baya don in samu hoton wani dutse, sai na ji kamar an soka mini allura goma a ƙauri. Gaɓa guda ce ta ɓalle ta manne. Ƙayar tana da ƙananan ƙugiyoyi masu kallon baya, shiga da sauƙi, fita da jini. Kuma ba a kama ta da hannu, sai ta koma hannun. An riga an gaya mana mu riƙe mataji, Hajiya ta zura shi tsakanin fata da gaɓar ta fizge da ƙarfi, sauran ta bi su da matsefata ɗaya bayan ɗaya.

"Sannu, Malam. Ka zauna ka huta tukuna."

Da haka tsiron yake yaɗuwa: gaɓar ta hau jikin dabba, ta faɗi a wani wuri, ta yi saiwa. Sunanta ba gardama, uwar ƙarangiya. Yau iri tara ke nan, har da coya kala biyu.

Juma'a, 19 ga Janairu

Lissafin ruwa. Kwana huɗu, mun sha rabin tanki da ɗan ɗori, ko da yake akwai famfo a sansanin, ina so mu saba kafin mu shiga inda babu. Alwala da ƙaramar buta ɗaya tana isa idan mutum ya natsu. Wanke-wanke a roba, ba a ƙarƙashin famfo ba.

Alƙibla daga nan arewa ce maso gabas, ta fi karkata arewa, abin da har yau yake ba baƙi daga gida mamaki. Randar Hajiya ta zama mini abin dubawa: tsofaffinta yawanci kudu suke karkata, don haka in na ga inda ta sunkuya na san bayanta ne arewa, sai in gyara da na'urar waya.

Da rana mun bi hanyar da ke gefen iyaka. Katangar ƙarfe mai tsawon mita 9 ta miƙe iya ganin ido. A cikin daji kuma akwai tankunan ruwa masu shuɗiyar tuta a kan dogon ƙarfe, waɗanda masu agaji ke ajiyewa don masu tsallakowa a ƙafa. Mutane da yawa sun mutu da ƙishirwa a wannan hamadar. Hajiya ta yi shiru, can ta ce ya tuna mata da mutum 92 da aka tsinci gawarsu a arewacin Arlit a 2013, yawancinsu mata da yara. Mun yi musu addu'a duka, na can da na nan. Ban iya ɗaukar hoto a wurin ba.

Talata, 23 ga Janairu

Ruwa tun jiya, yayyafi mai naci, ba irin na daminarmu mai tsawa ba. Hamadar nan sau biyu take samun ruwa a shekara, na hunturu mai laushi da na Yuli zuwa Satumba mai ƙarfi. Duka biyun a Tuson ba su fi milimita 300 ba, ƙasa da abin da Damagaram ke samu, amma da yake a rabe suke zuwa, tsirrai ba sa yin wata takwas cur ba ɗigo kamar namu. Ina ganin wannan ne sirrin yawan korenta.

Da ruwan ya tsagaita wani ƙamshi ya cika ko'ina, mai ɗan yaji kamar magani. Daga wani gajeren tsiro ne mai ganye masu maiƙo. Hajiya ta buɗe duk tagogi duk da sanyi.

Na ɗaura zaren awo a jikin wani sawaro kusa da masaukinmu tun ranar da muka zo, na auna tazarar da ke tsakanin ninki biyu. Zan sake aunawa gobe kafin mu tashi. Batir ya sauka sosai saboda gajimare, mun kashe firji da dare.

An samu na goma: senita, mai furfura a ka kamar gemun tsoho. Hajiya ta ce dattijo. Sai da muka tambayi ma'aikacin gandun inda yake, don kaɗan ne a wannan gefen iyaka.

Alhamis, 25 ga Janairu

Tazarar ninkin ta ƙaru kaɗan, abin da ido zai iya gani a kan zaren. Na so a ce ina da sati guda in ci gaba da aunawa.

Mun bi ta Aho, tsohon garin haƙar tagulla da aka rufe ma'adininsa a shekarun 1980, muka zubar da tankunan ƙazanta, muka cika na sha. Akwai shingen jami'an iyaka a hanya, sun duba takardunmu muka wuce. Daren yau a fili muke, kusa da duwatsun Kofa. Sunan ba ƙofarmu ba ce, gajarcen sunan wata tsohuwar mahaƙar zinariya ne. Filin gwamnati ne, ana kwana kyauta har kwana 14. Ba famfo, ba makwabci, sai kukan diloli.

Asabar, 27 ga Janairu

Quartzsite. Ƙaramin gari ne, amma a Janairu motocin tafi-da-gidanka dubbai suke cika dajin da ke kewaye da shi, yawanci tsofaffi masu gudun sanyin arewa. Ban zo don kasuwar ba. Na zo ziyarar kabari ne.

A 1856 sojan Amurka suka shigo da raƙuma don gwada su a wannan hamada, tare da masu kula da su daga ƙasashen Daular Usmaniyya. Ɗaya daga cikinsu Haji Ali ne, wanda bakin sojoji ya mayar Hi Jolly. Raƙuman sun yi aiki, sun ɗauki kaya a binciken hanyar da aka yi zuwa Kalifoniya a 1857, amma yaƙin basasa ya zo aka watsar da shirin, aka sayar da wasu, wasu suka bazu a daji. Shi ya zauna, ya yi haƙar ma'adini da jigila, ya rasu a garin nan a 1902. A 1935 aka gina masa dala ta duwatsu da siffar raƙumi a samanta. Mun tsaya mun yi masa addu'a. Na yi ta tunanin ranar da mutumin nan ya fara ganin sawaro, da wane suna ya kira shi a harshensa.

Litinin, 29 ga Janairu

Inda aiki ya tsaya: iri 11 cikin 15, hotuna sun haura 600, waɗanda za su shiga littafi ba su fi 40 ba. Babin sawaro da na ciyawar nan na rubuta su da hannu, saura bugawa. Ba ni da hoton fure ko ɗaya, don sawaro sai Mayu da Yuni yake fure, fari, ya buɗe da dare don jemagu, ya rufe washegari da rana bayan kurciyoyi da ƙudan zuma sun samu rabonsu. Dole a dawo.

Dawowar ce abin shawara. Daga ƙarshen Yuni zuwa ƙarshen Yulin 2023 Phoenix, babban birnin Arizona, ta yi kwana 31 a jere zafi bai sauka ƙasa da digiri 43 da rana ba, har manyan sawaro suka riƙa zubar da hannuwa suna faɗuwa a cikin gari. Na'urar sanyaya motarmu ba ta aiki da batir, sai an jona da lantarki. Hajiya ta ce farkon Mayu, kwana biyar, a masauki mai wuta, fita daga asuba zuwa hantsi kawai. Na amince. Kafin nan akwai azumi a Maris, akwai kuma tayar baya ta hagu da ke rage iska tun daga hanyar Aho, gobe da safe zan kai ta wurin mai faci kafin mu kama hanyar gida.